Asusun Jinya Tun Daga Kaka: Shawarwari ga Gidajen Miga

A ƙasar Miga, kuɗi da ciwo ba rana ɗaya suke sallama ba. Kuɗi da kaka suke shigowa, bayan an yanke shinkafa an sheƙe, an kai riɗi da zoɓo kasuwa, ko kuma da bazara idan an ɗebe alkamar rani. Ciwo kuwa tsakiyar damina ya fi kawo farmaki, daga Agusta zuwa Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa, Kogin Haɗeja ya tumbatsa ya shanye hanya. Duk wanda ya ga ambaliyar da ta auka wa Jigawa a 2020 da 2022 ya san yadda tafiyar rabin sa'a kan koma ta yini guda.

A irin wannan lokaci ne za ka ga dattijo ya miƙe bayan liman ya sallame, riƙe da takardar asibiti wadda ta sha ninki har ta fara rabewa gida huɗu, yana magana ƙasa-ƙasa saboda kunya. Jama'a kan bayar, Allah ya saka musu da alheri. Sai dai abin da ake tarawa a kan darduma da wuya ya kai rabin abin da aka rubuta a takardar, kuma yakan zo ne bayan ciwo ya riga ya ci jiki. Mutanenmu ba marowata ba ne. Abin da ke ba mu kashi shi ne, muna fara neman taimako a watan da kowa hannunsa ya bushe. Shawarwarin nan na magidanta ne da matan gida da matasa masu son taimakonsu ya isa gadon mara lafiya a kan kari, wani abu daga ciki kuma ya kai ga masu binciken cututtukan da suka addabe mu.

1. Ku fitar da na jinya ranar da kuke ɗure buhu.

Ranar da ake auna shinkafa a bakin masussuka, hannun manomi a sake yake. A ranar ce ya kamata kowane gida ya ware tiya ɗaya ko biyu, a ce wannan ta asusun jinyar unguwa ce. Lissafin ba wuya: gida 40, idan kowa ya kawo tiya guda, an tashi buhu. A yi haka da amfanin damina, a sake yi da na rani, sai unguwa ta mallaki abin da za ta kai masu naƙuda asibiti ba tare da an bi gida-gida ana buga ƙofa da tsakar dare ba. Masunci ya ba da kuɗin kamun yini ɗaya a lokacin da ruwa ya ja baya kifi ya samu. Mai kiwo ya ware 'yar akuya ta yi ta haihuwa da sunan asusu. Mata masu adashi su ƙara ɗauka ɗaya a zagayen, wadda ba ta kowa ba ce sai ta jinya.

Kada a yi gaggawar mayar da hatsin kuɗi. Naira a ajiye ƙanƙancewa take yi, hatsi kuwa daraja yake ƙarawa idan damina ta yi tsakiya, daidai lokacin da ake nemansa. A sayar da kaɗan a riƙe saboda larurar dare, sauran a adana. Amma a adana a kan tudu, a ɗaki mai dandamali, a gidan da ruwa bai taɓa shiga ba. Mu mutanen fadama ne, ajiyar da ba a yi la'akari da ambaliya ba rabon kogi ce.

2. Kada dukiyar jama'a ta kwana a hannun mutum ɗaya.

Ko da kuwa shi ne mafi amana a garin. Ba zarginsa ake yi ba, mutuncinsa ake tsarewa, domin ranar da lissafi ya ruɗe ba shi da mai shaida. A zaɓi mutum uku: mai riƙe makulli, mai riƙe littafi, da mai ba da izinin fitarwa. Lallai a sa mace a ciki. Mata ne suka san wadda cikinta ya tsufa da yaron da ya kwana uku jikinsa da zafi, kuma akwai larurar da mace za ta gwammace ta mutu da ita da ta faɗa wa namijin da ba mijinta ba. Idan asusu ya yi kauri, a buɗe masa ajiya a banki da sunan ƙungiya, wadda ba a cire kuɗi sai mutum biyu sun sa hannu.

Ƙa'idoji kuwa a yanke su tun kowa na da lafiya: wace larura ake biya wa, iyakar abin da gida ɗaya zai samu nawa ne, kyauta ce ko rance ga mai hali. A faɗa a fili cewa ba a ara don biki, ko suna, ko sayen taki, komai kusancin mai nema. Duk ƙarshen wata a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a ƙofar mai unguwa. Ƙungiyoyi da yawa ba sata ce ta kashe su ba, shiru ne: wata uku ba a ji lissafi ba, sai zato ya shiga, sai kowa ya janye hannunsa.

3. Kuɗin farko na mota ne.

Babban asibitin Jahun, maƙwabciyarmu, ya yi suna wajen karɓar haihuwa mai gardama da aikin yoyon fitsari. Tun 2008 ƙungiyar likitocin nan ta MSF, wadda ake kira Na-gari Na-kowa, take aiki a can tare da ma'aikatar lafiya ta jiha, kuma ba a karɓar kuɗin aikin a hannun matan. Ya kamata mu san inda kuɗin ke fitowa. Mafi yawansa gudummawa ce ta miliyoyin mutane a ƙasashe daban-daban, masu ba da kaɗan-kaɗan daga abin da suke samu, waɗanda ba su taɓa jin sunan Miga ba. Su sun biya likita da magani da gado. Abin da ya rage a wuyanmu shi ne mu kai matar da ranta.

A nan ne muke yawan makara. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace lafiyayya cikin sa'a biyu. Jijjiga ba ta jiran gari ya waye. Doguwar naƙuda kuwa, idan ba ta yi kisa ba, ita ke barin yarinya da yoyon fitsari, ta rasa jariri, sau da yawa ta rasa ɗakinta. Saboda haka kafin asusu ya sayi ko ƙwayar magani, a yi yarjejeniya da direba biyu ko mai a-daidaita-sahu, a biya kuɗin mai tun kafin buƙata, da sharaɗin duk sa'ar da aka kira za a zo. Ƙauyukan da ruwa kan yanke su yi irin wannan da mai kwale-kwale. Ba baƙon abu ba ne, an taɓa yin tsarin a Jigawa tare da ƙungiyar direbobi ta NURTW, inda aka wayar da kan direbobi su riƙa ɗaukar masu naƙuda cikin gaggawa. A rubuta lambar wayar direban da fenti a bangon zaure, yadda ko yaro zai iya karantawa.

Sai wani abu da ba ya cin ko kwabo. Maigida, idan za ka tafi cin rani ko kasuwa mai nisa alhali iyalinka na da juna biyu, ka bar izini a gaban mahaifiyarka da ƙaninka cewa da zarar abu ya taso a tafi asibiti, ba sai an same ka a waya ba. An yi asarar rayuka mota na tsaye a ƙofar gida ana jiran kalma ɗaya daga bakin mutumin da wayarsa ba caji.

4. Ku san rukunin jininku, ku rubuta.

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin tagar ɗakin gwaji da daddare, an ce a kawo leda biyu, an gwada ƙane an ce bai dace ba, an gwada kawu an ce nasa ma bai ishe shi ba, ya san akwai daren da kuɗi a aljihu ba ya tsinana komai. Lafiyayyen mutum daga shekara 18 zuwa 65, mai nauyin da ya kai kilo 50, zai iya ba da jini. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, kuma jiki na mayar da shi. Namiji na iya sake bayarwa bayan wata uku, mace bayan wata huɗu. Maganar da ake yaɗawa cewa ba da jini na rage wa namiji ƙarfi ba ta da tushe.

'Yan ƙwallo, 'yan majalisa, 'yan agaji, ku tafi ƙungiya guda a gwada ku, a rubuta suna da rukuni da lambar waya a bayan littafin asusu. Daren 15 ga Oktoba 2024, da tankar mai ta kama da wuta a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, fiye da mutum 150 suka rasu, aka kwashi masu ƙuna zuwa asibitocin Ringim da Haɗeja da wasu garuruwa. A irin wannan dare ba a fara tambayar wa ke da wane jini. Kuma kada ku sayar. Jinin saye yakan fito ne daga wanda yunwa ta sa ya ɓoye ciwonsa, ko ya bayar sau biyu a wata.

5. Ku biya asibiti, ku karɓi rasit.

Idan aka tara kuɗi don aikin tiyata ko wankin ƙoda, wakilin asusu ya je da kansa ya biya a wurin biyan kuɗi na asibitin, da sunan majinyacin da lambar katinsa. Wannan ba rashin yarda da iyalinsa ba ne. Gidan da ke cikin tashin hankali buƙatunsa goma ne, kuɗi na shiga hannu mai bin bashi zai ji labari, wani kuma zai zo da maganin gargajiyar da ya rantse a kai. Manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Rasheed Shekoni a Dutse, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, ana samun jami'an walwalar marasa lafiya a irinsu. Ku tambayi ofishinsu. Su suka san wanda aka sallama ya kasa biya, da wanda aka rubuta wa magani tun shekaranjiya bai saya ba, kuma ta hannunsu sadakar da ba ku da takamaiman mai ita za ta faɗa inda ya dace.

Saƙonnin neman taimako da ke yawo a WhatsApp da Facebook kuwa, wasu gaskiya ne, wasu tsohon hoto ne aka sauya wa lambar asusu. Kafin ku tura ko ku yaɗa, ku nemi sunan asibiti da ɗakin da aka kwantar da mutum, ku sa wani ɗan'uwa da ke garin ya leƙa. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

6. Ku rufa wa mara lafiya asiri.

Ba sai an ɗauki hoton ƙurji ko kumburarren ciki an watsa wa duniya ba kafin a samu taimako. Yarinyar da aka nuna tsiraicinta yau za ta girma ta tarar da hoton yana nan. A nemi izinin majinyaci ko waliyyinsa, a rufe fuska, a bar takardar likita ta yi bayani. A masallaci ma, ya fi kyau liman ko mai unguwa ya yi sanarwa a madadin mai larura, ya ce wani bawan Allah ne daga cikinmu kuma mun tabbatar, da a bar magidanci ya tsaya a gaban surukansa yana roƙo.

7. Ku bambance zakka da sadaka da wakafi.

Manomin da amfaninsa ya kai nisabi yana fitar da kashi 1 cikin 10 idan ruwan sama ne ya shayar, kashi 1 cikin 20 idan da injin ban-ruwa ya wahala. Waɗanda ake ba wa zakka an ƙayyade su a Suratut Tauba, aya ta 60. Talakan da ke kwance ba shi da kuɗin magani yana cikinsu, haka wanda bashin jinya ya yi wa katutu. To amma ginin ɗakin kwanciya, ko sayen na'urar gwaji, ko ɗaukar nauyin bincike, malamai da yawa ba sa ganin zakka ta shiga nan, sai dai sadaka da wakafi. Don haka littafin asusu ya zama da shafi biyu, kada a gwamutsa, kuma a zauna da malamin gari a tantance. Masarautun Dutse da Haɗeja suna da kwamitocin zakka da suka daɗe suna aiki, ana iya neman shawararsu ta hannun hakimi.

Wakafi shi ne abin da muka fi sakaci da shi, alhali shi ya fi daɗewa. Fegin fadama ɗaya, ko shago a bakin kasuwa, ko 'yan itatuwan mangwaro, idan aka tsayar da su aka ce abin da suka kawo na marasa lafiya ne, za su yi ta biyan kuɗin magani bayan mai su ya kwanta dama. Da wakafi aka riƙe asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira wajajen 1284. A zamaninmu, asibitin ciwon dajin yara na Alƙahira da aka buɗe a 2007 da gudummawar jama'a aka gina shi, har sunansa ma, 57357, lambar asusun bankin da aka riƙa zuba kuɗin ce. A Lahor ta Pakistan haka aka tara aka buɗe asibitin Shaukat Khanum a 1994, kuma zakka da sadaka na cikin abin da ke riƙe da jinyar talakawa a can. Namu ba sai ya kai nan ba. Abin lura kawai, a rubuta wakafi a gaban shaidu tun mai shi na da rai da lafiya, don kada magada su tayar da magana daga baya.

8. Ku tsare wa mara lafiya gonarsa.

Abin da ke talauta gida ba kuɗin magani kaɗai ba ne. Maigida na kwance a Kano, babban ɗansa na jinyarsa, ciyawa ta cinye shinkafa, tsuntsu ya ƙarasa sauran. Ya dawo da sauƙi ya tarar ba abin kai wa baka. Gayya ta yini ɗaya, a yi masa noma ko yanka, ta fi abin da yawancinmu za mu iya cirowa daga aljihu. Mata su karɓi girkin yaran da aka bari bi da bi. A tuna da mai jinya ma, wanda ke kwana a kan tabarma a barandar asibiti: garin kunu, ƙuli-ƙuli, sabulu, gidan sauro da kuɗin motar dawowa duk taimako ne.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ya kamata mu ji kunyarta. Mutum ya ji maƙwabcinsa ya shiga uku da jinya, sai ya taya gonarsa ko shanun huɗarsa rabin kuɗi, ya kira wannan taimako. Idan ba makawa sai an sayar, dattawa su tsaya a yi ciniki na adalci. Idan jingina ce, a rubuta ranar fansa.

9. Ku sa marasa ƙarfi a inshora.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi wani asusu na kula da lafiya a matakin farko, kuma Jigawa na da hukumar taimakekeniyar lafiya, JICHMA. Wakilin unguwa ya je asibitin mazaɓa ya tambayi yadda ake rajista da waɗanda suka cancanci shiga kyauta, ya taimaki zawarawa da marayu da tsofaffi da masu amosanin jini su samu kati. Kowane mutum ɗaya da aka yi wa rajista nauyi ne aka sauke wa asusu.

10. Ku ware wa bincike kasonsa, komai ƙanƙantarsa.

Na san abin da mai karatu zai ce: mu da muke fama da kuɗin allura, ina mu ina bincike? To a duba wannan. A 1938 aka kafa wata gidauniya a Amurka don yaƙar shan inna, wadda aka fi sani da March of Dimes. Talakawa da 'yan makaranta suka riƙa aika ƙananan tsabar kuɗi a ambulan. Da irin wannan kuɗi aka ɗauki nauyin binciken Jonas Salk, wanda aka tabbatar da ingancin rigakafinsa a 1955, da na Albert Sabin, wanda ɗigon da ake yi wa yaranmu a baki ya samo asali daga aikinsa. A ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Yaran Miga da ke guje-guje da ƙafafunsu yau suna cin gajiyar sulallan da wasu suka bayar tun kakanninsu na yara.

Ga misali na kusa. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya na wani babban bincike a kan zubar jini bayan haihuwa, wanda aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000, da tallafin gidauniyar Gates. Dabarar mai sauƙi ce: a shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni da ke tara jinin, ungozoma ta ga adadinsa da idonta maimakon kintace, da zarar ya kai wani layi a haɗa mata magunguna da matakan gaggawa a lokaci guda, ba ɗaya bayan ɗaya ba. Sakamakon da aka fitar a 2023 ya nuna mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta sun ragu da kashi 60 cikin 100. Wannan leda ce da tsari, amma sai da aka kashe kuɗi aka gwada kafin a sani.

Mu ma muna da tambayar da ke jiran amsa. Daga Haɗeja zuwa Nguru da Gashuwa, ciwon ƙoda ya zama abin da kusan kowane dangi ke da labari a kai, har da matasa majiya ƙarfi da ba su da hawan jini ko ciwon sukari. Masana na duba ruwan sha, da magungunan feshi, da aiki cikin zafin rana ba isasshen ruwa, da shan ƙwayoyin kashe ciwo da haɗe-haɗen gargajiya barkatai. A Yobe, cibiyar bincike ta Jami'ar Jihar da ke Damaturu ta shiga aikin. Wankin ƙoda sau biyu ko uku ake yi a mako, ba asusun unguwar da zai iya riƙe mutum ɗaya shekara guda. Dashe kuwa, ko da yake asibitin Malam Aminu Kano ya fara yi tun 2002, ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba. Gano musabbabin ciwon shi ne kaɗai abin da zai yi mana arha.

Unguwa ɗaya ba za ta ɗauki nauyin bincike ba, amma ƙungiyar ci gaban gari za ta iya. Idan kowane asusu ya ba da kashi 1 cikin 20 na sadakarsa, za a iya shirya gwajin hawan jini da fitsari ga manoma sau ɗaya a shekara tare da asibiti, a ajiye sakamakon a rubuce. Za a iya biya wa ɗalibin likitanci ko na kimiyya daga Jami'ar Tarayya ta Dutse kuɗin mota da kayan gwaji ya auna ruwan rijiyoyinmu, ko ya ƙirga yaran da ke fitsarin jini saboda tsargiya, a ƙarƙashin kulawar malaminsa. A biya ta hannun sashen jami'ar ko asibitin, da sharaɗin za a dawo a faɗa mana abin da aka gano da Hausa.

11. Idan masu bincike sun zo, ku karɓe su, ku kuma yi tambaya.

Tsoron da mutanenmu ke yi yana da dalili. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano a cikin binciken da ya haɗa da yara 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu cikakken bayani ba, kamfanin ya ce cutar ce ta yi kisan, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wannan tabo na cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, kuma yara ne suka biya kuɗin ƙauracewar da ƙafafunsu.

Maganin wannan ba korar kowa ba ne, sanin haƙƙi ne. Duk wanda ya zo ɗibar jini ko ruwa ko yin tambayoyi, a nemi ya biyo ta hannun hakimi da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ya nuna takardar amincewar kwamitin da ke sa ido kan ɗa'ar bincike. A tambaye shi: me ake nema, ina za a kai jinin, wa zai ga sunana, idan wani abu ya same ni wa zai yi jinya? A karanta maka takardar yarda da harshen da kake ji kafin ka dangwala. Kana da ikon ƙi, kana da ikon fita a tsakiya, kuma ba wanda zai hana ka magani saboda haka. Idan ka yarda kuwa, ka faɗi gaskiya: maganin da kake sha a ɓoye, ruwan da kake ɗiba, feshin da kake yi ba takunkumi. Amsar ƙarya ɗaya na iya karkatar da aikin shekara. Ku adana katunan asibiti da takardun gwaji a leda, a rataye sama inda ruwa ba ya kaiwa, har na waɗanda suka rasu, domin masu bincike na karanta tarihin ciwo a cikinsu.

12. 'Yan gari mazauna birni, ku ba da kaɗan mai ɗorewa.

Mun sha ganin taron ƙaddamar da gidauniya: rumfa, lasifika, manyan baƙi, a yi ta shelar alkawari, bayan wata shida ma'aji na bin mutane a waya ba sa ɗauka. Kuɗin hayar rumfa da kujeru kaɗai da ya kai mata da yawa Jahun. Ɗan Miga da ke aiki a Dutse ko Kano ko Abuja ko Legas, abin da ya fi amfani shi ne ya yanke wa kansa wani abu da ba zai gagare shi ba, ya riƙa turawa duk wata ranar da albashi ya shiga. Wanda ke zaune kusa da babban asibiti ya ba da masauki, ya raka baƙo ya nuna masa inda ake yankar kati, domin mutumin ƙauye kan ɓata kwana biyu a harabar asibiti bai ga likita ba don rashin ɗan jagora.

Idan aka yi tarin musamman don mutum ɗaya, a faɗa tun farko inda ragowar za ta tafi idan ya warke ko ya riga mu gidan gaskiya: asusun unguwa, ko marayunsa, ko majinyaci na gaba. Idan buƙata ta biya a sanar a rufe karɓa, a nuna rasit, a yi godiya.

Masu unguwanni da limamai, ku ne za ku fara kiran zaman, kuma kafin a fara yankan shinkafa ya kamata a yi shi. Ku nemo littafi guda da mutum uku masu amana, ku sa ranar karɓar tiya. Iyaye mata, kada ku jira a gayyace ku, ku aika a tambayi ranar, ku kawo sunan wadda za ta wakilce ku.